Jinkirin ci gaban yara: yadda ake gano shi da wuri a cibiyoyin lafiya na Maga

Jinkirin ci gaba shi ne yaro ya wuce lokacin da galibin tsararrakinsa suke iya wani abu, shi kuwa bai iya ba: tsayar da wuya, zama, tafiya, riƙe abu da yatsu, magana, gane mutane da wasa da su. Jinkirin alama ce da cututtuka dabam-dabam ke nunawa, kamar yadda zafin jiki yake alama. Wani dalilin yana warkewa ƙalau, wani kuma yaro zai rayu da shi, amma ko wanne ne, shekarun da aka gano shi suna da tasiri a kan abin da yaron zai iya daga baya. Kafin yaro ya cika shekara 3, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 80 cikin 100 na girman ta baligi. Abin da aka gyara a wannan tsakani ya fi kamawa.

Mujallar likitanci ta The Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa yara miliyan 250 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, wato kashi 43 cikin 100, suna cikin haɗarin kasa kai wa matakin da ya kamata su kai, saboda talauci da tsumburewa. A Kamaru, binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna cewa kashi 29 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa sun haura wannan adadi.

Abin da ke jawo shi a bakin tafki

Maga tana cikin Mayo-Danay, a gefen tafkin da aka tare da madatsa a 1979 domin noman shinkafa na kamfanin SEMRY. Ruwan da ke ciyar da garin shi ne kuma ke kiwon sauro. Zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa yana zuwa da suma da jijjiga, kuma binciken da aka yi a Yuganda ya nuna cewa kusan yaro ɗaya cikin huɗu da suka tsira daga gare shi yana samun rauni a fahimta ko natsuwa shekaru bayan ya tashi. Iyaye sukan ɗauka magana ta ƙare ranar da aka sallame su daga asibiti. Ga ma'aikacin lafiya, wannan ranar ce ya kamata ya rubuta sunan yaron cikin waɗanda za a riƙa bibiya.

Sanƙarau ma haka yake. Arewacin Kamaru yana cikin zirin ƙasashen da cutar ke addaba lokacin zafi, kuma duk da riga-kafin MenAfriVac da aka yi wa jama'ar yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa a 2011 ya karya lagon nau'in da ya fi kawo annoba, akwai sauran nau'o'i. Babban tabon da sanƙarau ke bari shi ne kurumta. Duk yaron da ya yi jinyarsa, a duba jinsa kafin ya koma gida, a sake dubawa bayan makonni.

Wasu dalilan tun daga ranar haihuwa suke. Doguwar naƙuda a gida, jaririn da bai yi kuka nan take ba, bakwaini, da shawarar jarirai. Wannan ta ƙarshe ita aka fi rainawa. Idan idon jariri ya yi ɗorawa a kwanansa na farko, ko launin ya sauka har tafin hannu da tafin ƙafa, a kai shi asibiti ranar. Shanya shi a hantsi ko ba shi jiƙo ba ya wadatarwa. Sinadarin da ke sa launin yana shiga ƙwaƙwalwa idan ya yi yawa, ya bar yaro da sandarewar gaɓoɓi da rashin ji har tsawon rayuwa, alhali sanya shi ƙarƙashin fitila ta musamman na 'yan kwanaki zai iya hana hakan. A nan ne shirin Chèque Santé ke da amfani: mai ciki ta biya jaka 6 ta samu awo, haihuwa a asibiti har da tiyata idan ta kama, da kulawar jariri a makonnin farko.

Sai tamowa da ƙarancin jini. Yaron da aka yaye a kan kunu zalla yana ƙoshi, amma ba ya samun abin gina ƙwaƙwalwa. A garin da kifi yake fitowa kullum daga tafki, abin takaici ne a ga yaro ɗan wata 10 bai taɓa ɗanɗana garin busasshen kifi a kununsa ba.

Wane jinkiri ne abin damuwa?

Yara ba sa tafiya da agogo ɗaya, kuma iyaye da yawa suna tayar da hankali a banza don ɗan maƙwabta ya riga nasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara 816 masu ƙoshin lafiya a Gana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Zama ba tare da jingina ba ya faɗo tsakanin wata 4 da wata 9. Tsayuwa ba dafawa, tsakanin wata 7 da wata 17. Tafiya shi kaɗai, daga wata 8 zuwa kusan wata 18. Kimanin yara 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafe ba sam, sun miƙe sun yi tafiyarsu. Ke nan ɗan wata 14 da bai fara takawa ba, amma yana dafa bango yana bin sa, lafiyarsa lau.

Abin da ake dubawa shi ne iyakar ƙarshe. Ga waɗanda ma'aikatan lafiya suka fi dogara da su:

Wata 3: ba ya murmushi idan an yi masa wasa, ba ya bin fuska da ido, ƙara mai ƙarfi ba ta firgita shi.

Wata 4 zuwa 5: wuyansa bai tsaya ba, ko jikinsa ya yi laushi kamar tsumma, ko ya sandare har wanka da goyo suna wahala.

Wata 9: ba ya zama shi kaɗai, ba ya juyowa idan an kira shi daga baya.

Shekara 1: ba ya gwaranci, ba ya nuni da yatsa, ba ya ɗaga hannu a ɗauke shi. Haka kuma idan hannu ɗaya kawai yake amfani da shi, ɗayan kullum a dunƙule. Mutane sukan ce bahago ne, amma bahagonci ba ya bayyana da wuri haka. Sau da yawa ɗaya ɓangaren ne yake da rauni.

Wata 18: ba ya tafiya, ba shi da kalma ko ɗaya mai ma'ana.

Shekara 2: ba ya haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Inna zo", ba ya bin ƙaramin umarni.

Idan bakwaini ne, a cire makonnin da ya rage a ciki daga lissafin shekarunsa har ya cika shekara 2. Akwai kuma alamomin da ba a jira musu wata: yaro ya daina abin da ya riga ya iya, ko kansa yana girma da sauri maɗiga ta kumbura, ko aka ga fari a tsakiyar ƙwayar ido, ko jijjiga da ke dawowa ba tare da zazzaɓi ba. Waɗannan na asibitin gunduma ne cikin kwanaki.

Wani abu da ya shafi Maga musamman: yaro yana iya tashi yana jin Musgum a gida, Fulatanci a kasuwa, Larabcin Shuwa ko Hausa wajen maƙwabta, Faransanci a rediyo. Ana yawan ɗora wa wannan laifin nauyin baki. Harsuna da yawa ba sa hana magana. Idan za a ƙirga kalmomin yaro, a haɗa duka harsunan. Wanda ba shi da kalma a ko wanne daga cikinsu, matsalar wani wuri take, kuma kunne ake fara dubawa.

Ranar riga-kafi

Ba a kawo yaro cibiyar lafiya don bai yi magana ba. Ana kawo shi don zazzaɓi, gudawa, ko allura. Shi ya sa ranar riga-kafi ta zama babbar dama. Jadawalin Kamaru yana kawo uwa da jariri ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 6 don bitamin A, wata 9 don ƙyanda da shawara, sai wata 15 don allurar ƙyanda ta biyu. A gundumomin da ake ba da riga-kafin zazzaɓin cizon sauro, wanda Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa cikin jadawalin yau da kullum a ranar 22 ga Janairu 2024, akwai ƙarin zuwa a wata 6, 7, 9 da 24.

Matsalar tana cikin jadawalin kansa. Zuwan ya cunkushe a watannin farko, lokacin da jinkiri mai tsanani kaɗai ake iya gani. Bayan wata 9 iyaye mata da yawa suna ɗauka an gama, katin riga-kafi ya shige ƙasan akwati. Tafiya da magana kuwa tsakanin shekara 1 da 2 suke bayyana. Yaron da ba ya ji zai iya wuce duk alluransa ba wanda ya lura, sai ya kai shekara 6 a sa shi makaranta. Mu da muke koyarwa mun san irinsa: yana zaune a bayan aji, yana kallon bakin malami, a rubuta masa "ba ya ƙoƙari" a ƙarshen zango, ya maimaita aji sau biyu, ya bari. Don haka zuwan wata 15 da na wata 24 sun fi ƙarfin allura kawai, kuma ya kamata a faɗa wa uwa haka tun a wata 9.

Binciken kansa ba ya buƙatar na'ura. Yana farawa da tambaya: "Mama, akwai abin da ke damunki game da yadda yake gani, ko ji, ko motsi, ko magana?" Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa damuwar uwa tana yawan dacewa da abin da gwaji zai gano. Ita ke goya shi, ta san nauyin wuyansa a bayanta, ta kwatanta shi da yayyensa. Sau da yawa ta lura tun da daɗewa, amma an ce mata "haka ubansa ya yi, sai da ya shekara uku ya buɗe baki", ta yi shiru. Idan ba a tambaye ta ba, ba za ta ɗaga maganar a gaban layin mata ba, don kunya da tsoron abin da za a ce a unguwa. Kusurwa ɗaya da labule sun isa.

Bayan tambaya sai kallo na minti biyu ko uku. A ajiye yaro a tabarma. A miƙa masa murfin kwalba a ga yadda zai kama. A kaɗa gwangwani mai tsakuwa a bayansa inda ba ya gani. A auna kewayen kai da tef a rubuta a kati, kamar yadda ake rubuta nauyi. Akwai jerin tambayoyi da aka tsara don wurare irin namu, kamar GMCD da likita Ilgi Ertem ta jagoranci tsarawa a Turkiyya, da MDAT na Malawi, wanda aka gina shi da kayan da yaran ƙauye suka saba gani. Gwajin da ke tambaya ko yaro yana hawa matattakalar bene ko yana riƙe fensir ba zai faɗi gaskiya a kan ɗan Pouss ko Guirvidig ba.

Gaskiya ne cewa ma'aikacin jinya guda a ƙaramar cibiya yana iya samun mata da yawa a safiya ɗaya, ga rajista, ga sanyin allurai da zai kula da shi. Ba zai yi wa kowane yaro cikakken gwaji ba. Amma tambaya ɗaya ga kowa, da cikakken dubawa ga waɗanda ke cikin haɗari (bakwaini, tagwaye, wanda ya yi shawara, suma, sanƙarau ko tamowa mai tsanani), abu ne mai yiwuwa. Ma'aikatan lafiya na unguwa kuma suna da damar da babu mai irinta. Tun 2016 ake bi gida-gida a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa da damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓi, wata-wata. Suna ganin yaron da ba a fitowa da shi, wanda ke kwance a ɗaki lokacin da sauran ke wasa a tsakar gida.

Bayan an gano

Nan ne aka fi yin sakaci. A rubuta wa uwa takarda zuwa Marwa, tafiyar kilomita kusan 80, a lokacin dashen shinkafa, ko a watannin da ruwa ke cin hanya kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2024. Takardar takan ƙare a cikin kati. Turawa wajibi ce a wasu lokuta, amma kulawa tana farawa a ranar, a cibiyar da aka gano.

Da farko a nemi abin da ke da magani. Kunne mai zubar da ruwa. Ƙarancin jini da tsutsar ciki. Tamowa: idan tef ɗin awon damtse ya nuna ja, ƙasa da milimita 115, yaro ya shiga shirin abinci na musamman. Farfaɗiya tana da magani mai araha, irin su fenobabital, kuma kowace jijjiga da aka hana riba ce ga ƙwaƙwalwa. Sharaɗin shi ne a sha kullum, kada a yanke don an ga sauƙi. Jaririn da shawararsa ta ƙi tafiya, yana yawan barci, cikinsa na ƙullewa, harshensa ya yi kauri, a gwada masa ƙwayar maƙogwaro: idan ita ce ba ta aiki, ƙwaya ɗaya a rana tana tsare basirarsa, muddin an fara a makonnin farko. Yanar ido ta jarirai kuma ana cire ta da tiyata, kuma jira yana kashe ganin.

Na biyu, abin da ake yi a gida. A Kingston ta Jamaika, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure. Wasu daga cikinsu ma'aikaciyar lafiya ta unguwa tana ziyartarsu sau ɗaya a mako har shekara 2, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka sake nemo su: waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. A kan irin wannan hujja ce Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka ƙaddamar da tsarin renon yara na bai-ɗaya a watan Mayu 2018.

Ba wani abu ne baƙo ba. A kira sunan abin da yaro ke kallo. A amsa gwarancinsa, a jira ya mayar. A ba shi ƙoƙo da ludayi ya buga, a ɓoye abu ƙarƙashin zane ya nemo. Goyo yana da kyau, amma a sauke shi a tabarma, a kifa shi a kan cikinsa yana farke don wuya da baya su yi ƙarfi. Yaron da gaɓoɓinsa suka sandare a riƙa sauya masa kwanciya, a zaunar da shi cikin kwando ko kusurwar ɗaki da tsummoki a gefe, kuma kada a ba shi abinci yana kwance rigingine, domin shaƙewa da ciwon huhu suna cikin abubuwan da suka fi kashe irin waɗannan yara. Wanda ba ya ji, a fara masa magana da hannu tun yanzu, gida duka su koya.

A Maga wannan darasi bai kamata ya tsaya ga uwa ba. Lokacin aikin fadama, jariri yana wuni hannun kaka ko yayarsa 'yar shekara 8. Su ne za a nuna wa. Uba kuma shi ke ba da izinin tafiya da kuɗin mota, don haka a kira shi a yi bayanin a gabansa. A lura da uwar ita ma: wadda damuwa ta danne ba ta iya wasa da yaro, kuma uwar yaro mai naƙasa tana shan zargi daga dangin miji.

Batun zargi yana da tushe a abin da mutane suka yi imani da shi. A ƙasar Hausa akan kira yaron da jikinsa ya saki, bai zauna ba, "ɗan ruwa", a ce aljanu sun musanya shi. Wasu su ce maita ce ko baki. Ma'aikacin da ya yi wa iyaye dariya a kan wannan ba zai sake ganinsu ba. Ya fi kyau ya faɗi dalilin a sarari, cewa iska ba ta isa ƙwaƙwalwa ba lokacin haihuwa, ko zazzaɓi ne ya taɓa ta, ba laifin kowa ba ne, kuma addu'a ba ta hana shan magani. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne mai cutarwa: tsaga, turara hayaƙi, kanga ƙafar mai jijjiga a wuta, cusa cokali a baki, ko ɗura masa ruwa yana sume. A kwantar da shi a gefensa, idan jijjigar ta wuce minti 5 a garzaya asibiti.

Inda ake turawa

Matakin farko shi ne asibitin gunduma na Maga. Daga nan sai asibitocin yanki na Yagwa da Marwa, ko Garwa idan ana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa ko ƙwararren likita. A Mouda, kan hanyar Marwa zuwa Garwa, akwai Fondation Bethléem da limamin Katolika Danilo Fenaroli ya kafa a 1997, inda ake gashin ƙashi, ana haɗa kayan taimakon tafiya, ana kuma koyar da yara kurame. Babbar cibiyar ƙasa ta gyaran naƙasassu, mai sunan Cardinal Paul-Émile Léger, tana Etoug-Ebe a Yawunde.

Kafin a tashi, a tafi da katin riga-kafi da duk takardun jinyar baya, a kuma nemi wanda ya tura ya rubuta abin da ya gani da shekarun da yaro ya fara kowane abu. A kashin farko na shirin inshorar lafiya ga kowa da aka ƙaddamar a Afrilu 2023, ganin likita kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da aka yi wa rajista, haka ma maganin zazzaɓin cizon sauro. Dokar 13 ga Afrilu 2010 kan kare naƙasassu ta tanadi sassaucin kuɗin makaranta da katin shaidar naƙasa, wanda ake nema ta ofishin jin daɗin jama'a. Za a tambayi takardar haihuwa, don haka a fara da ita.